Kawu da Gadon Sama

Daga Allah muka fito kuma can za mu koma, da wanda yake gida da wanda yake Doha. Kawu ya riga mu tafiya.

Da labarin ya shigo ɗakinmu na Fereej Abdel Aziz, kowa ya karɓe shi da irin halinsa. Liman, wanda yake jan mu salla in aiki bai raba mu ba, ya zauna a bakin gadonsa da takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, yana ta maimaita innalillahi. Direban nan mutumin Kumasi da muke kira Babban Yaya ya fita baranda ya yi kuka irin na yara, da majina da komai. Mai shagon ƙasan bene, Ba'indiyen da bai iya ko gaisuwar Hausa ba, ya rufe shagonsa da rana tsaka, ya hawo ya tsaya a ƙofarmu dafe da ƙirji. Inna, mahaifiyata, ƙanwar Kawu ce. Da na kira ta a waya ba ta fara da kuka ba, tambayata ta yi ko ya ci abinci kafin ya fita. Na ce mata ya ci. Ban sani ba ko ya ci.

Ni kuwa ban ji komai ba, kuma ina faɗa ne don haka abin yake. Aka yi masa wanka, aka sallace shi bayan la'asar a maƙabartar bayan gari, na zuba ƙasa da hannuna, na karkaɗe wando. Mutane suna riƙe hannuna suna cewa Allah ya ba da haƙuri, ina cewa amin, idona yana kan abubuwan banza: wane ya sake waya, wane takalminsa ya tsinke. Zuciyata ta zama kamar ƙafar da aka daɗe a zaune a kanta. Har yanzu ba ta gama sakewa ba, shi ya sa ma nake wannan rubutu, kada in farka wata rana in tarar na manta yadda yake.

A bakin aiki ya rasu. Bas ɗin ma'aikata yake ja. Ya sauke mutanensa a Al Muntazah, ya gyara fakin, ya kashe mota, ya ja birkin hannu, sannan ya kifa kansa a kan sitiyari. Wanda ya same shi ya ce har madubin gefe ya naɗe. Kawu ke nan. Ko mutuwa ba ta isa ta sa ya bar mota a karkace ba.

Tun ba a naɗe tabarmin makoki ba maganar gado ta taso.

Wanda bai taɓa zaman ɗakin haɗaka a ƙasar nan ba, ba zai gane nauyin wannan magana ba. Mu takwas ne a ɗaki, gadajen ƙarfe masu hawa biyu. Gadon ƙasa shi ne gidanka. Ka rataya zanen gado ya zama labule, akwatinka yana ƙarƙashi, ka zauna ka sa takalmi kamar mutum, sanyin na'ura yana sauka a kanka. Gadon sama kuwa horo ne. Can zafi yake taruwa, ƙwan fitila yana kan idonka, duk mai shirin fita aiki sai ya haska ka. A duk ɗakunan da na sani, na 'yan Najeriya da na 'yan Ghana da na sauran ƙasashe, doka ɗaya ce: sabon zuwa sama, tsohon zama ƙasa. Mutum yakan yi shekaru yana jiran wani ya koma gida kafin ya sauko.

Kawu ya fi kowa daɗewa a ɗakin, ya fi kowa shekaru, shi ne kuma shugaban Hausawan unguwar. Amma a sama yake kwana, a mafi munin gadon, na lungu, inda wani kankare ya ratsa silin ya sauko. Gadon da ke ƙarƙashinsa, wanda haƙƙinsa ne, ya mai da shi na baƙo. Duk wanda aka ɗauko daga filin jirgi aka kawo ɗakin nan, a nan zai kwana har jikinsa ya saba da garin, har wani baƙon ya zo ya karɓe shi. A shekarun nan baƙi sun yi ƙaranci, ni kuma tsayuwar gadi ta cinye mini baya, sai Kawu ya ce in sauko in riƙe wa baƙo wurin. Na riƙe har na manta aro ne.

To ga gadon Kawu babu kowa, ga kuma saƙo daga mai gidan cewa akwai mutum yana tafe, wani ɗan Nima ta Accra da zai yi aikin share-share.

Babban Yaya ya ce, "Ai magana ya ƙare. Gado ɗaya ne ba shi da mutum, sai shi hau, khalas."

Babu wanda ya dube ni. Ni ma ban dubi kowa ba. Na kwanta a gadona na ja labule, ina kallon ƙarafan da ke samana, waɗanda suka saba yin ƙara duk lokacin da Kawu ya juya.

Ranar da na fara shigowa ɗakin nan, da 'yar jakata da yunwa da kunya, Kawu ya nuna mini gadon ƙasa ya ce, "Ajiye nan."

Na ce, "Haba Kawu, ni a ƙasa kai a sama? In Inna ta ji ai sai ta tsine mini."

Ya ce, "Wa zai gaya mata? Kai ne mai dogon baki." Ya karɓi jakar ya tura ta ƙarƙashin gado da ƙafa. "Mutumin da ya baro uwarsa jiya, in ka ɗora shi can sama kamar kayan da ba a so, kuka zai yi, kuma kowa zai gan shi yana yi. Nan ƙasa akwai labule."

Na ce ni ba mai kuka ba ne. Ya ce to madalla, labulen ba ya cizo. Na yi amfani da labulen fiye da yadda zan so a sani, kuma bai taɓa ɗaga mini zancen ba.

Kada wanda ya karanta wannan ya ɗauka waliyyi muka binne. Kawu yana da taurin kai irin wanda ba a lanƙwasawa, ko sauƙin kan nasa ma da taurin kai yake yin sa. Yana minshari har ƙarfen gado ya amsa. In ka bar kofi ba ka wanke ba, zai wanke maka, amma sai ya tabbata duk benen ya ji labari. Yana da labarai kaɗan da yake maimaitawa har mun haddace, in ya fara mu riga shi ƙarasawa. Wanda ya fi so a cikinsu shi ne na tsohon Bayahude.

Kafin ya koma jan bas, Kawu ya yi shekaru yana tuƙa wani dattijo Bayahude da ya zo koyarwa a ɗaya daga cikin jami'o'in garin. Ya ce da farko a ɗarare yake da shi, ko ruwan motarsa ba ya sha. Daga baya suka saba, har ya san ranar Juma'a da yamma dole ya kai shi gida kafin rana ta faɗi, saboda hutun Asabar na addininsu. Wata rana suna jira a wurin ajiye motoci, dattijon ya ga Kawu yana duba ƙaramin Alƙur'aninsa, ya tambaye shi 'yan ƙananan alamomin da ke saman layi. Kawu ya gaya masa abin da ya sani. Sai dattijon ya ciro nasa littafin daga jaka.

Kawu yakan gyara zama in ya iso nan. "Ya ce mini a Attaurarsu, farkon littafi na uku, kalmar farko cewa take yi Allah ya kira Musa. Harafin ƙarshe na kalmar, alif irin nasu, ɗan mitsitsi ne, bai kai 'yan uwansa ba. Ya nuna mini da farce. Na ce kuskuren masu bugawa ne? Ya yi dariya. Ya ce malamansu na da sun ce kunya ce ta kama Annabi Musa. An umarce shi ya rubuta cewa shi aka kira, shi kaɗai a cikin jama'a. Ƙin rubutawa saɓo ne, rubutawa kuma kamar yabon kai. Sai ya rubuta, amma ya rage hannu."

Daga nan sai ya ɗaga yatsa. "Ni fa ba Annabi Musa ne ya ba ni mamaki ba, alaihissalam, ai shi annabi ne. Masu kwafa su ne abin mamaki. Dattijon ya ce har gobe da hannu ake rubuta littafin a kan fata, kuma duk marubucin da ya iso wurin nan sai ya rage hannu shi ma. Shekara da shekaru, ba a sami mai iyayin da ya ce bari in daidaita shi da sauran ba."

A kan wannan labari suka yi faɗan da ya fi kowane daɗewa shi da Liman. Wata Juma'a muna cin shinkafa a tire ɗaya, Kawu ya ɗauko labarin, Liman ya tsame hannu.

"Malam, ɗakin nan na Musulmi ne. Kullum labarin Yahudawa za ka riƙa shayar da mutane?"

Kawu ya ce, "Na ce maka hadisi ne?"

"Ba ka ce ba."

"Na ce a yi salla da shi?"

"Ba ka ce ba. Amma littafin nan an taɓa shi, kai ma ka sani."

"To in an taɓa shi, wanda ya taɓa wannan wurin dai bai ƙara wa kowa girma ba. Ci abincinka, Liman."

Liman bai ci ba. Suka ɗauki lokaci mai tsawo ba abin da ke haɗa su sai sallama. Liman yana jan salla, Kawu yana bayansa, in an idar kowa ya juya nasa gefen. Mu ne muka sha wahala, don ba dama ka yi dariya da ɗaya sai ɗayan ya harare ka. Wata rana Kawu ya hawo da shayin karak kofi biyu, ya ajiye ɗaya a gefen gadon Liman. Liman ya kurɓa, ya ɓata fuska, ya ce, "Sukari ya yi yawa." Sulhun ke nan. Ba su taɓa yarda da juna a kan labarin ba, Kawu ya ci gaba da ba da shi, Liman ya ci gaba da fita baranda in an fara.

Lokacin da 'yan gida suka zaɓe shi shugaba, wani ɗan kasuwarmu mai gida a Al Wukair ya zo har ɗaki da turarensa da direbansa. Ya ce ba girmanmu ba ne a ce shugaba yana hawa gado kamar ɗan makarantar kwana, ya ware masa ɗaki shi kaɗai da banɗakinsa. Kawu ya yi godiya sosai, ya sa masa albarka, ya raka shi har mota. Da ya dawo Babban Yaya ya tambaye shi yaushe za a kwashe kaya. Ya ce, "Wanda kafil, uban gidan aikinsa, ya kora da tsakar rana, motar wa zai hau ya same ni a Al Wukair?" Bai sake ɗaga maganar ba.

Da Sallah ta zo suka buga ƙaton allon leda da hotonsa, ya sha rawanin aro, fuskarsa ta kai faɗin ƙofa. Bayan taro ya naɗe abinsa ya kawo ɗaki, ya toshe tagar da rana ke shigowa ta hana masu aikin dare barci. Fuskar ya juya waje. Har yau in ka tsaya a titi ka ɗaga kai za ka ga shugabanmu ya koɗe, yana gadin rana.

Shugabancin nasa yawo ne. Asibiti, ofishin 'yan sanda, ƙofar kafil, da Larabcin da ya tsinta a kan titi. In an dace ya dawo ya ce, "An yi." In ba a dace ba ya ce, "Na kasa." Na daɗe ina jin wannan kafin in lura cewa bai taɓa musanya su ba.

Amma akwai waɗanda suka biya wannan hali, kuma ba mu ba ne. Da na kira gida don ta'aziyya, matarsa ta ce, "Ya ce bana zai dawo gaba ɗaya. Bara ma haka ya ce." Babban ɗansa ya karɓi wayar, muryarsa a bushe. Ya ce, "Yaya, ku ya kamata a yi wa gaisuwa. Babanku ne. Mu hotonsa muke da shi." Na buɗe baki in kare Kawu, na fasa. Na ce Allah ya jiƙansa, ya ce amin, muka ajiye. Na rubuta wannan ne don in na ɓoye shi, Kawu da kansa zai ce na yi iyayi.

A 'yan watannin ƙarshe gwiwarsa ta fara ba shi wahala. Ina kwance a ƙasa ina jin yadda yake tsayawa a tsakiyar tsani yana mai da numfashi. Na ce masa, "Kawu, mu yi musanya mana."

"In na sauko wa zai hau?"

"Ni."

"Da wannan bayan naka? Khalas, kwanta. In baƙo ya zo ma yi magana."

Baƙon bai zo ba sai bayan ransa.

Da hantsi aka kawo shi. Na dawo daga gadin dare ke nan, na cire takalmi, bayana yana zogi kamar an ɗaure shi da waya. Masu aikin rana sun fita, saura ni da Liman da Babban Yaya. Na zaci matashi za a kawo, sai ga magidanci da furfura a gemu, riƙe da jakar leda mai zane, yana ta kallon ɗakin kamar wanda ya shigo gidan da ba nasa ba bisa kuskure.

Ya yi sallama ya ce, "Sannunku da gida. Wanne ne gadona?"

Babban Yaya ya nuna masa sama. "Ga shi can. Yalla, hau ka huta, ka sha hanya."

Mutumin ya ɗaga kai ya dubi gadon, ya dubi ƙwan fitilar. Ya cire takalminsa ya jera su a gefe, ya rungumi jakarsa, ya ɗora ƙafa a tsani.

Ba zan ce na yi wani tunani mai kyau ba. Ban ji tausayi ba, ban tuna wata magana ba, zuciyar tana nan a sandare yadda take. Bakina kawai na ji yana cewa, "Ajiye nan."

Ya juyo. Na nuna masa gadona, na fara janye bargona da filo.

Babban Yaya ya ce, "Kai, hankalinka ɗaya? Bayanka fa? Ba ka jira shekaru kafin ka samu ƙasa ba?"

Na ce, "Aro ne."

"Wanda ya ba ka aro ya mutu. Wa zai tambaye ka?"

Na ci gaba da naɗe bargo. Liman ne ya yi magana daga gadonsa, bai ko ɗago daga carbinsa ba.

"Rabu da shi. Ya iso wurin da ake rage hannu ne."

Muka dube shi ni da Babban Yaya. Ya ce, "Me kuke kallo? Barandar nan ba ta da ƙofa, komai ana ji."

Na tura jakar baƙon ƙarƙashin gado, na nuna masa yadda ake jan labulen. Sannan na jefa bargona sama na kama tsani. Na yi shekaru a gadon sama a ɗakin nan, amma wannan na lungu ban taɓa hawansa ba, babu wanda ya taɓa. Ina isa na yunƙura zan zauna, kaina ya bugi kankare har na ga wuta.

Liman ya ce, "Sunkuya."

Na sunkuya. Ashe a gadon nan ba a zama a miƙe. Ko carbi za ka ja, ko waya za ka duba, sai wuyanka ya karye gaba. A jikin kankaren, daidai inda kaina ya bugu, akwai wani tabo baƙi-baƙi mai sheƙi, faɗin tafin hannu, inda fenti ya gaji ya bar wurin. Man kan Kawu ne. Nan yake jingina ƙeyarsa duk shekarun nan, mu muna ƙasa muna cewa yana minshari. Na sa hannu na taɓa wurin, sumul kamar bakin turmi.

A ƙarƙashina na ji an ja labule. Sai na fara jin numfashin mutum yana sarƙewa a hankali, irin na wanda ya cusa fuska a filo don kada a ji shi. Na san sautin, na taɓa yin sa a wannan gadon.

A nan ƙafar da ta sandare ta fara sakewa, kuma da zafi ta sake. Kawu ya mutu. Sai a lokacin na sani. Na jingina ƙeyata a tabon, hawaye suna zuba a kan gwiwata, ga fitila a kan fuskata, ga mutum biyu a ƙasa suna iya ganina sarai. Na laluba gefe da hannu ina neman abin da zan ja, babu. A sama ba a rataya labule.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa inda yake kwance fiye da inda ya kwana a nan.

Liman ya miƙe, ya taka zuwa bakin ƙofa, ya kashe fitila.